Daga Sabon Birni zuwa Bangi: nazarin hijirar Nuwamban 2021

A watan Nuwamban 2021 mutane fiye da 11,500 suka bar ƙauyukansu a gabashin jihar Sakkwato suka tsallaka Jamhuriyar Nijar, kamar yadda Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNHCR, ta bayyana a lokacin. Mafi yawansu mata ne da yara. Ba sansani suka nufa ba, sun watsu ne cikin ƙauyuka 26 na ƙaramar hukumar Bangi da ke gundumar Madawa a jihar Tawa, inda wasu kimanin 3,500 suka riga su sauka tun watan Satumba. Idan aka raba, kowane ƙauye ya karɓi baƙi wajen 440 cikin 'yan makonni.

Abin da ya kore su ba ɓoyayye ba ne ga mutanen Sakkwato. A watan Satumban shekarar an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar don a toshe wa 'yan bindiga hanyar sadarwa, aka taƙaita cin kasuwanni da sayar da fetur a jarka. Talaka ya fi jin jiki, domin ko ihu ya yi babu mai ji, sai wanda ke bakin iyaka yana kama layin Nijar. A watan Oktoba aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, aka kashe mutum fiye da 40. Yaran jagoran 'yan bindiga Bello Turji da irinsu suna ɗora wa garuruwa haraji, kuma da kaka suka fi matsawa, tunda sun san lokacin ne manomi ke da abin hannu. Bayan tafiyarsu ma, a Disamba, aka ƙone motar fasinja a Gidan Bawa da mutane fiye da 20 a ciki. Hanyar kudu ta zama ta mutuwa, ta arewa kuwa tafiyar ƙafa ce ko ta amalanke, kuma can akwai dangi.

Maganar dangin nan ita ce ta sa aka karɓe su tun kafin wata hukuma ta iso. Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri kusa da Maraɗi tsatso ɗaya ne, bayan faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808 suka rarrabu. Layin da Ingila da Faransa suka shata tsakanin 1898 da 1908 ya ratsa gonaki da auratayya ne kawai. Mace ta iso da ɗiyanta huɗu, gidan ƙanen uwarta ta sauka. A ganinta zuwa ta yi wurin 'yan'uwa kafin ƙura ta lafa, a idon doka kuwa ta koma wani mutum dabam tun daga inda ta taka layin.

Gida ɗaya, suna uku

Bahaushe kalma ɗaya yake da ita: ɗan gudun hijira. Doka ta raba shi uku. A ɗauki gida guda a matsayin misali, irin wanda ake samu ko'ina a yankin. Uwargida ta bi ta arewa da yara ta shiga Bangi. Amarya ta bi motar Sakkwato ta sauka a wani kango a bayan gari. Babban ɗa ya ɗauki jakarsa ya yi Legas ko Agadas, ya ce cin rani ya tafi, alhali ba lokacin tafiyarsa ba ne kuma ba shi da gonar da zai dawo wa.

Uwargida tana ƙarƙashin Yarjejeniyar Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta 1969 kan 'yan gudun hijira. Wannan ta fi ta Janeba ta 1951 faɗi, domin ba sai mutum ya nuna cewa shi kansa ake farauta saboda addininsa ko ƙabilarsa ba. Ya isa a ce wani abu ya dagula zaman lafiyar jama'a a wani sashe na ƙasarsa har ya tilasta masa fita. Shi ya sa Nijar ta iya karɓar mutanen a dunƙule, ba tare da kowa ya zauna gaban hukumar tantancewa ya kare kansa ba. Yarjejeniyar ta kuma hana a mayar da ita inda ranta ke cikin haɗari, ta ce komawa gida sai da son ranta.

Amarya ba ta fita ƙasa ba, saboda haka haƙƙinta na wuyan gwamnatin Najeriya. Takardar da ta shafe ta ita ce Yarjejeniyar Kampala ta 2009 kan waɗanda aka raba da gidajensu a cikin ƙasarsu. Najeriya ta amince da ita a 2012, amma a lokacin da wannan abu ya faru ba ta mayar da ita dokar cikin gida ba, sai dai manufar ƙasa da aka amince da ita a 2021. Nijar kuwa tun Disamban 2018 ta yi dokarta, ita ce ƙasar Afirka ta farko da ta yi hakan.

Shi ɗan, babu wanda ke ƙirga shi. Idan Agadas ya nufa, yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979 ta ba shi kwana 90 ba biza, muddin yana da takardar tafiya. Yawancinsu ba su da ita. A shekarar 2021 kuma dokar Nijar ta 2015 mai hukunta masu jigilar baƙin haure tana aiki, direbobi suna kauce wa manyan hanyoyi da rijiyoyin da aka sani, kuɗin mota ya hau, haɗari ya ƙaru.

Abin mamakin, wanda bai kamata ya zama haka ba, shi ne uwargida da ta bar ƙasarta ta fi sauran biyun samun wanda zai rubuta sunanta.

A teburin rajista

Duk wani taimako daga rajista yake farawa, kuma a nan ne kurakuran da ke bin mutum shekaru suke shiga. Mataki biyu ne. Na farko na gaggawa ne, gida-gida: sunan shugaban gida, mutum nawa, maza nawa mata nawa, garin da aka fito, ranar isowa. Na biyu na mutum ɗaya-ɗaya ne, da hoto da zanen yatsu da hoton ƙwayar ido, kuma daga shi ake ba da takardar shaida. Tsakanin matakan biyu akan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, musamman inda mutane suka watsu a ƙauyuka 26 maimakon fili ɗaya.

Ga yadda tambaya ɗaya take lalacewa. Malamin rajista, saurayi ɗan birni, ya dubi dattijuwa ya ce, "Inna, sunan maigida?" Ta sunkuyar da kai, ta nuna yaron da ke gefenta ta ce, "Baban su wannan." Ya ce, "To, sunan babban ɗanki?" Nan ma shiru, sai wata maƙwabciya ta amsa mata da laƙabin da ake kiransa, Ɗanjuma ko Tanko. Malam ya rubuta laƙabin. Bayan wata uku maigida ya iso ya faɗi sunan yanka na ɗansa, kwamfuta ta ce wannan yaro ba na gidan nan ba ne. Alkunya ce ta jawo, ba ƙarya ba. Maganinsa mai sauƙi ne: a sa mace a teburin, a bar wata 'yar'uwa ta faɗi sunan da matar ba za ta iya faɗa ba, a kuma buɗe gurbi biyu a fom, na sunan yanka da na laƙabi.

Na biyu shi ne rubutun suna. Malamin da ya yi lakwal da Faransanci zai rubuta Ousmane, Aboubacar, Chaibou. Katin zaɓe ko lambar NIN ta mutumin kuwa Usman, Abubakar da Shu'aibu ke jiki. Ranar da ya koma gida ya je banki ko ofishin katin ɗan ƙasa, sai a ce takardun na mutum biyu ne. Ƙa'ida ita ce a tambayi duk wata takarda ta Najeriya da ya zo da ita, ko katin rigakafin yaro ne, a kwafi rubutun harafi da harafi. Shekaru ma haka: wanda bai san ranar haihuwarsa ba akan sa masa 1 ga Janairu, shekarar kuma a ƙiyasta. Ƙiyasin ido yana cutar da 'yan mata, domin yarinya 'yar 15 mai goyo sai a rubuta mata 20, ta fita daga jerin yaran da ke buƙatar kulawa ta musamman. Gara a yi amfani da abin da mutane ke tunawa, kamar shekarar ambaliyar Goronyo ta 2010 ko zaɓen 2015.

Na uku, gidan mai mata fiye da ɗaya. Idan aka ba da kati guda da sunan miji, rabon hatsi ya koma hannunsa, kuma idan ya koma Najeriya duba gona da katin a aljihu, gida duka ya kwana da yunwa. Idan kishi ya shiga, ɗakin da ba a so shi ke shan wuya. Abin da ya fi aiki shi ne kowace mace da 'ya'yanta su zama gida guda da katinsu, a rubuta mijin a ɗaya daga ciki, a nuna alaƙar a sauran. Haka kuma a tambayi kowace mace ko duk yaran da ke tare da ita nata ne. A guje-guje mata kan kwashi ɗiyan maƙwabta, kuma ba za su faɗa ba sai an tambaya, don a wurinsu riƙo ba abin sanarwa ba ne. Yaron da ba a rubuta cewa ya rabu da iyayensa ba, babu mai neman masa su.

Akwai kuma 'yan gari da ke shiga layi. Harshe ɗaya, tsagar fuska ɗaya, talauci ɗaya, to ta yaya za a bambanta? Zanen yatsu yana hana mutum yin rajista sau biyu, amma ba ya gaya maka ɗan wace ƙasa ne. Akan dogara da maigarin da ya karɓi baƙi da dattawan garin da aka baro. Mu dai a ganinmu, tsananta bincike a nan ɓata lokaci ne. Mutumin da ya buɗe rumbunsa ya ciyar da baƙi goma har geronsa ya ƙare kafin bazara, idan ya shiga layi ba ɓarawo ba ne. Matuƙar ba a ware wa masu masauki kasonsu a fili ba, za su neme shi ta bayan gida.

Lissafin ruwa da masai

Ma'aunin da ƙungiyoyin agaji ke aiki da shi a lokacin gaggawa shi ne aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsafta. Mutum 15,000 ke nan suna buƙatar lita 225,000 kullum, wato jarka 9,000 mai cin lita 25. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya ana lissafa shi ga mutum 500, rijiyar guga ga 400. Ke nan sai an ƙara famfo wajen 30 kafin a ce baƙin ba su rage wa 'yan gari ruwansu ba. Masai kuwa, ɗaya ga mutum 50 a makonnin farko, daga baya ɗaya ga 20: daga 300 zuwa 750. Babu ƙaramar hukumar karkara da ke da wannan a ajiye. Kuma 2021 shekarar kwalara ce a Najeriya da Nijar duka, Sakkwato da Maraɗi da Tawa duk ta taɓa su.

Rikicin baƙo da ɗan gari ba ya farawa a fadar maigari, a bakin rijiya yake farawa, tsakanin mata, kan wa ya riga wa ajiye jarka. Sai itacen girki, sai dabbobin da aka koro suka shiga harawar mutane.

Wajen yara, abu biyu ne ba sa jira: allurar ƙyanda ga duk ɗan wata 6 zuwa shekara 15, da awon damtse ga 'yan wata 6 zuwa shekara 5. Ɗan tef ne mai launi uku da ake zagaya wa tsakiyar damtsen yaro. Kore lafiya, rawaya tsakanin santimita 11.5 da 12.5 tamowa ce matsakaiciya, ja kuwa ƙasa da 11.5 ta yi tsanani. Idan aka danna bayan ƙafafun yaro biyu da yatsa, gurbin ya zauna bai taso ba, a tura shi asibiti ko da tef ya nuna kore. Abincin gyaɗar nan na leda da ake ba su, kowace leda magani ce ta yaro guda. Inda ake samun matsala shi ne uwa ta raba wa yara biyar saboda duk suna kallonta, ko ta kai kasuwa ta sayo tiyar gero. Faɗa ba ya hana wannan, sai gidan ya samu abincin sauran.

Kilomita 50 da gonar da aka baro

Yarjejeniyar 1969 ta ce a zaunar da 'yan gudun hijira nesa da iyaka gwargwadon hali, kuma abin da aka saba bi shi ne kilomita 50. Dalilin a fili yake: mai babur da bindiga ba ya tsayawa a shingen kwastan. A jihar Maraɗi, wadda ta fara karɓar mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, an bi wata dabara maimakon kafa sansani. An zaɓi ƙauyuka irin su Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, aka ƙara musu ruwa da makaranta da ɗakin shan magani, aka kai baƙi su zauna tare da 'yan gari. Dabarar tana da kyau, don abin da aka gina zai zauna ko bayan baƙi sun tafi.

Amma da yawa sun ƙi matsawa, kuma wanda ya san manomi ba zai yi mamaki ba. Daga ƙauyen bakin iyaka mutum na iya sammako ya je ya yanke dawarsa ko ya roro wake, ya dawo kafin magariba. Idan aka kai shi kilomita 50, ya bar gonar ke nan, wani ya shiga, ko ta koma daji. Tsarin rajista kuwa yana ɗaukar mutum ko yana nan ko ba ya nan. Idan aka zo tantancewa ba a same shi ba, akan dakatar da katinsa. A doka, leƙa gida na ɗan lokaci don duba gona ko binne mamaci ba ya soke matsayin ɗan gudun hijira, sai in ya koma ya zauna da son ransa. Ƙananan ma'aikata da yawa ba su san wannan bambanci ba, su ma mutanen ba su sani ba, shi ya sa suke ɓoye tafiyar. Da za a sanar da ranar tantancewa da mako biyu ta bakin maigari da masallaci, a kauce wa lokacin shuka da na girbi, a kuma bar ƙofar gyara ga wanda ya makara, da an rage yawan katunan da ake kashewa ba gaira ba dalili.

Wadda ta tsaya a gida

Amaryar da ta sauka Sakkwato ba ta da teburin da za ta je. Hukumomin da abin ya shafa suna nan: hukumomin agajin gaggawa, SEMA ta jiha da NEMA ta tarayya, da hukumar ƙasa mai kula da 'yan gudun hijira da baƙi. Sai dai aikin ya fi karkata ga rabon kayan agaji bayan hari, buhun shinkafa da tabarma da bargo, ba rajistar mutum ɗaya-ɗaya mai ɗorewa ba. Shirin agajin Majalisar Ɗinkin Duniya na Najeriya a lokacin Borno da Adamawa da Yobe ya shafa, arewa maso yamma ba ta ciki, don haka manyan kuɗin ba su biyo ta nan ba. Wurare irin na Gandi a ƙaramar hukumar Raba, inda mutanen Tabanni suka taru a makaranta bayan harin 2018, su ne ake gani. Mafi yawa suna cikin kangaye da gidajen dangi, yara suna tallar ruwa ko bara, mata suna wankau da surfe.

Rashin rajistar nan ba ƙaramin abu ba ne. Mai kango na iya tashinta gobe. Yarinyarta ita ce wadda wata hajiya za ta zo ta ce a ba ta riƙo ta kai ta aikatau birni, kuma daga nan ne aikin hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane ke farawa, bayan abin ya riga ya faru.

Da iyaka ta rufe

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe Illela da sauran ƙofofi har zuwa Maris 2024. Mutane ba su daina wucewa ba, sun koma hanyoyin daji ne a kan babur, suna biya a kowane shinge. A Nuwamban 2023 gwamnatin Janar Tiani ta soke dokar nan ta 2015, hanyar Agadas ta sake buɗewa a fili. A 29 ga Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ECOWAS. Ɓangarorin biyu sun ce za a ci gaba da shige da fice ba biza, amma a watan ne Nijar ta fitar da sabuwar doka kan shigar baƙi da zamansu, mai tsananta maganar takardu.

A nan ne bambancin rajista ya fito sarai. Wadda aka ɗauki yatsunta a 2021 ko 2022 matsayinta bai dogara da ECOWAS ba, yana kan yarjejeniyar 1969 da dokar 'yan gudun hijira ta Nijar ta 1997. Wanda ya ce shi wurin kawunsa ya zo, ba ya buƙatar kati, yanzu baƙo ne marar takarda idan jandarma ya tsayar da shi a hanyar Madawa.

Sauran aikin yana kan yaran da aka haifa can. Sashe na 25 na tsarin mulkin Najeriya ya ce ɗan da aka haifa a waje ɗan ƙasa ne muddin ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne, amma sai an nuna shaida. A Nijar ana da kwana 60 a kai sanarwar haihuwa. Idan suka wuce sai ta hannun alƙali, wanda akan kawo ƙauye lokaci-lokaci a yi wa yara da yawa a zama ɗaya. Matan da ke haihuwa a ɗaki, ga wankan jego na kwana 40, su ne wa'adin ke kuɓuce wa. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa sanarwar da ranar suna: liman ko wanzami ko ungozoma ya kai wa maigari sunan a mako na farko. Yaron da ya yi aji uku a lakwal kuma yana buƙatar takarda daga shugaban makarantar kafin a taso, in ba haka ba firamaren Sabon Birni za ta mayar da shi aji ɗaya. Irin waɗannan abubuwa ne ake rubutawa a yarjejeniyar ɓangare uku ta mayar da 'yan gudun hijira gida, kamar wadda Najeriya da Kamaru da UNHCR suka sa wa hannu a Maris 2017: wa zai karɓi takardar wa, wa zai je ya duba garin kafin a kwaso mutane, da wanda zai raba gardama idan mai gona ya dawo ya tarar wani ya yi shekara uku yana nomanta.